Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya Kan Kuɗinmu Da Ke Maƙalewa A ATM

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Mista Olayemi Cardoso, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka, ya yi jagora.

Ni ɗan kasuwa ne a nan Jos, harkar kayan gwari nake yi a Farin Gada. Magana ɗaya ce ta kawo ni: kuɗin da ATM ke zare wa mutum daga asusu bai miƙo masa ko sisi ba, da irin sintirin da ake sha kafin kuɗin ya dawo, in ma ya dawo ke nan. Na san teburinka cike yake da manyan lamurra, ga farashin dala, ga tsadar kaya, ga batun ƙarin jarin bankuna inda ake maganar naira biliyan 500. A gefen waɗannan, naira 20,000 ta mai tallan tumatir ba za ta hana ka barci ba. Shi kuwa ta hana shi, domin jarinsa ke nan kaf, kuma da ita zai sari kayan gobe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne doka tana nan, kuma daga gidanku ta fito. A ƙarshen watan Mayun 2020, zamanin Godwin Emefiele, Babban Banki ya fitar da sanarwa wadda ta fara aiki ranar 8 ga Yuni na shekarar. Ta ce in mutum ya sa katinsa a injin bankinsa aka cire kuɗi bai fito ba, nan take za a mayar masa, in kuma na'ura ta gaza mayarwa da kanta, ma'aikata su mayar cikin awa 24. In injin wani bankin ne daban, kada a wuce awa 48. Na POS da na sayayya ta intanet, awa 72. Har wa'adi aka ba bankuna a lokacin: cikin mako biyu su biya duk tsofaffin kuɗin ATM da na POS da na intanet da suka taru a hannunsu. Kafin wannan sanarwa kwana uku zuwa biyar ake ba su, aka ga ya yi yawa aka rage. A watan Oktoban 2025 da kuka fito da daftarin sababbin ƙa'idojin ATM, awa 24 da awa 48 ɗin nan suka sake bayyana a ciki, mutane da yawa suka yi ta murna an kawo sabon abu. Shekara biyar doka tana aiki a takarda, waɗanda aka yi ta dominsu ba su ma san da ita ba. Ka tsaya a bakin kowane ATM a titin Ahmadu Bello ka tambayi mutanen da ke layi awa nawa banki ke da shi, za ka ji amsa ɗaya: “Sai yadda Allah ya yi.”

Bari in ba ka labarin wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare, wanda na raka ya ciri ɗan fanshonsa wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Lokacin sanyi ne, irin sanyin Jos ɗin nan da ke shiga har ƙashi, ya sa rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga ya naɗe wuya da rawani. Injin bankinsa babu kuɗi, muka tsallaka na wani bankin muka bi layi. Da aka zo kansa ya sa kati, ya kare da tafin hannu ya danna lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi 20,000. Inji ya kama ƙara, kurrr, irin ƙarar ƙirgar nan da kowa ya sani. Malam ya riga ya tara hannu a bakin wurin. Ƙarar ta tsaya, baki bai buɗe ba, wani rubutun Turanci ya gilma a allo, kati ya fito. Kafin ya mayar da katin aljihu wayarsa ta yi ƙara: alat, an cire 20,000 har da caji.

Na bayanmu suka ce, “Baba haƙuri, netwok ne.” Mai gadi ya leƙo ya ce, “Baba sake gwadawa, na farkon zai yi ribas.” Ya sake gwadawa kuwa, saboda a gida babu cefane. Ƙara ta sake tashi, baki bai buɗe ba, alat na biyu ya shigo. Ya tsaya yana kallon wayar, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Bai ce komai ba sai “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ƙofar banki a rufe, sai Litinin. Ni na ara masa kuɗin Keke da na cefanen ranar.

Ranar Litinin muka fara da bankin da ke da injin, tunda a ƙofarsu abin ya faru. Yarinyar da ke kan tebur ta juya katin ta ce, “Baba ai ba katinmu ba ne, ka je bankinka.” Muka je bankinsa, aka bi layin shiga, aka bi layin tebur, aka miƙo fom da Turanci mai ƙananan rubutu. Ana tambayarsa lambar injin, da ƙarfe nawa, da wata lambar ciniki da bai taɓa jin sunanta ba, alhali injin ko rasit bai bayar ba, takarda ta ƙare. Aka karɓi fom aka ce, “Ka dawo bayan kwana bakwai na aiki.” Ba a ba shi wata shaida ta cewa ya kawo kuka ba. Da ya koma aka ce ɗaya bankin ake jira ya amsa. Da ya sake komawa, wanda ya karɓi fom ɗin ya tafi hutu, a sake cike wani. Rabin kuɗin ya dawo bayan makonni, sauran rabin sai da wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a banki ya sa baki. Wanda bai koyar da kowa ba fa, wa zai sa masa baki?

Ranka ya daɗe, ga inda nake so ka ba ni aron kunne sosai. Ina da ɗan'uwa da ya daɗe yana aiki a sashen da ke kula da ATM, shi ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake. Da mutum ya danna adadin kuɗi, injin yana aika saƙo zuwa bankin da ke da shi. In katin na wani banki ne, saƙon ya bi ta kamfanonin da ke sada bankuna har ya isa bankin mai kati. Can ake duba asusu, a cire kuɗin, a aiko wa inji amsa cewa ya biya. To ka ga tun inji bai motsa ba an riga an cire. Daga nan abubuwa da yawa kan iya faruwa: amsar ta makara a hanya inji ya gaji da jira, ko wuta ta ɗauke kafin janareto ya karɓa, ko tsohuwar takardar kuɗi mai laushi ta cije a cikin injin, ko aljihun kuɗin ya ƙare a tsakiyar ƙirga. In haka ta faru, ya kamata injin ya aika saƙo na biyu cewa ban biya ba, a mayar wa mai shi. Wannan saƙo na biyun shi ne ke ɓacewa, sai kuɗi ya rataye, bai shiga aljihun mai shi ba, bai koma asusunsa ba.

Amma abin da ɗan'uwan nan nawa ya ƙara da shi, shi ne ya hana ni sakat. Kowane inji yana da kundi a cikinsa da ke rubuta duk abin da ya gudana, kati kaza ya shiga ƙarfe kaza, an nemi kaza, an ƙirga ko ba a ƙirga ba, baki ya buɗe ko bai buɗe ba. Akwai kuma wani aljihu na musamman inda takardun da suka cije ko waɗanda inji ya janye ke faɗawa. Akwai kyamara. Sannan duk lokacin da ma'aikata suka buɗe inji za su zuba kuɗi, sai sun ƙirga abin da ya saura sun gwada shi da abin da lissafi ya ce an biya. In inji ya ce ya biya Malam 40,000 alhali bai biya ba, 40,000 ɗin nan za su gan ta ta yi rara, a hannunsu, suna taɓa ta. Ashe banki ya riga mai kuɗi sanin cewa ba a biya shi ba, kuma ya san katin wa ne. To don me sai dattijo ya hau Keke daga Unguwar Rogo ya zo ya cike fom ya sanar da su abin da ke rubuce a kundinsu? Don me shi za a ɗora wa kawo hujja, alhali duk hujjar tana kulle cikin ƙarfensu?

A kasuwarmu, in mutum ya biya ni kuɗin kwandon tumatir ya tafi neman ɗan dako, kwandon bai bar rumfata ba, ba na jira ya dawo da shaidu. Da yamma in na ƙirga kaya na ga kwando ɗaya ya yi rara, ni zan bi shi har tasha ina cigiya. In na yi shiru na ce sai ya zo ya rubuta takarda ya jira kwana bakwai, shugabannin kasuwa za su kira ni, kuma sunan da za a sa mini ba mai daɗin ji ba ne. Mu da ba mu da kwamfuta ke nan, sai littafin bashi da biro.

Saboda haka babbar buƙatata ita ce a juya nauyin. A wajabta wa banki ya mayar da kuɗin da kansa, ko an yi ƙorafi ko ba a yi ba, kuma in wa'adi ya wuce ya biya mai kuɗin tarar kowace ranar da aka ƙara, ta shiga asusunsa kai tsaye ba tare da ya roƙa ba. Ba ni na ƙago wannan ba. Babban Bankin Indiya ya kafa irinsa a 2019: in ATM ya cire kuɗi bai bayar ba, banki na da kwana biyar bayan ranar da abin ya faru, in ya wuce, rufi 100 ne a kan kowace rana, kuma bankin ne zai zuba da kansa. Wa'adinmu ma ya fi nasu gajarta, sai dai nasu in an saɓa akwai abin da zai biyo baya a aljihun kwastoma. Mu a nan ko an ci banki tara, mai kuɗin da ya sha wahala ba ya ganin komai. Na san cikin 'yan'uwana Musulmi akwai masu cewa ƙarin nan kada ya zama riba. Wannan malamai za su yi mana bayani, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kuma ya bayar da shi sadaka. Abin da ake nema shi ne jinkiri ya riƙa yi wa banki zafi. A addininmu akwai hadisi ingantacce da ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ake bin sa zalunci ne, kuma ina jin babu addinin da zai ce ba haka ba. Banki kuwa ai ba ya cikin matalauta.

Kuma kuna da ikon yin haka, mun gani. A watan Janairun 2025 kun ci bankuna tara tarar naira miliyan 150 kowanne, jimilla biliyan 1.35, saboda sun bar injinansu babu kuɗi lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, aka kuma ce daga asusunsu da ke wurinku za a zare. Mun yaba. Hannun da ya iya zare miliyan 150 a rana ɗaya ba zai gaza sa a mayar wa tsohon malami 20,000 cikin kwana biyu ba.

Sai batun caji. Daga 1 ga Maris 2025 kun soke cirewa uku na kyauta da ake yi a wata a injin wani banki. A da, bayan na ukun nan naira 35 ake biya. Yanzu duk 20,000 da mutum ya cira a injin da ba na bankinsa ba naira 100 ce in injin yana harabar banki, in kuma a waje yake, kamar manyan kantuna, ana iya ƙara har naira 500 a kai. Hujjar da aka ba mu ita ce kula da injinan ya yi tsada, kuma kuɗin zai sa a ƙara yawansu a gyara aikinsu. To mun ji, muna biya, domin ba a tambayarmu ma, cira ake yi. Cajin nan bai taɓa makara ba. Ban taɓa jin wanda aka ce masa netwok ya hana a cire masa naira 100 ba, ko aka ce ya dawo bayan kwana bakwai na aiki a cire. Wanda ya karɓi ladan aiki, ya kamata in aikin bai yiwu ba ya mayar da uwar kuɗi da cajin gaba ɗaya. Sau da yawa uwar kuɗin ce kawai ke dawowa, ɗarin ta bi ruwa, kuma wa zai kashe ɗari biyar a Keke don neman ɗari?

Wannan tambayar ce ta kai ni ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Mutanen da ke haƙura suna da yawa. Manomin da ya kawo dankali daga Bokkos ko Mangu, ya sayar aka tura masa kuɗi, ya tsaya Terminus ya ciri na mota aka zare masa 5,000 ba ta fito ba, ba zai bar gona ya yi ta zarya Jos ba. Matar aure da ta ba ɗanta kati ya ciro mata, aka ce sai mai asusun ta zo da kanta da katin shaida. Direban da ya sauke kaya yau, gobe yana Kano ko Fatakwal. Ga kuma matasa masu riƙe da katin bankunan waya, waɗanda ba su da reshe a garin balle teburin da za a je, sai dai a yi ta rubutu a manhaja ana samun amsa iri ɗaya. Duk waɗannan “Allah ya isa” suke yi su wuce. Kuɗin da suka bari yana wani wuri a littafin wani banki. Ina roƙon ka tura masu bincikenka su buɗe asusun da ake ajiye rarar ATM a kowane banki, a ga nawa ne a ciki, tun yaushe, na su wa ne, a mayar wa masu shi. Tunda an yi BVN a 2014 ai babu mai asusun da za a ce an rasa inda yake.

Akwai wata ɓarnar da jinkirin nan ke haifarwa wadda ta fi asarar farko muni. In mutum ya gaji da zarya, yakan sa yaro ya rubuta kukansa a shafin bankin na Facebook ko X. Ba a jima wani zai biyo shi ta bayan fage da tambarin bankin sak, ya gaishe shi da ladabi fiye da wanda aka yi masa a kan tebur, ya ce a ba shi lambar kati da lambar sirri da lambar da za ta shigo waya yanzu, za a mayar da kuɗin cikin minti biyar. Mai neman 10,000 sai ya wayi gari an share asusun tas. 'Yan damfarar nan a bakin ƙofar da banki ya bari a buɗe suke tsayawa. Da kuɗi na dawowa cikin awa 24, da ba su da kasuwa a nan.

Na san za a ce akwai hanyar kai ƙara. Haka ne. Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna tun 2012, akwai ƙa'idojin da aka fitar a 2019, kuma tun farkon 2019 ɗin aka wajabta wa bankuna su ba duk mai ƙorafi lambar da zai bi sawun kukansa da ita. Tsarin shi ne ka fara da bankinka, in mako biyu ya wuce ba a warware ba ka rubuto wa Babban Banki. Na san waɗanda suka bi wannan hanya suka samu haƙƙinsu, wasu ma da jin an ambaci Babban Banki sai ga alat. Amma duba wanda hanyar ta dace da shi: mai Turanci, mai imel, mai data, wanda ya san ana ba da lamba har ya tsaya kai da fata sai an ba shi. Mai tura baro a Katako ba ya ciki. Sannan ga wani abu da ban gane masa ba: doka ta ce awa 48, hanyar ƙara kuma ta ce sai an jira kwana 14. Tsakanin nan akwai kwana 12 da banki ya riga ya saɓa doka amma mai kuɗi ba shi da inda zai kai kuka. A kan maganar ATM kaɗai, ya kamata da cikar wa'adi ƙofarku ta buɗe.

Kuna da reshe a nan Jos, kamar yadda kuke da shi a sauran manyan biranen jihohi. A sa tebur ɗaya a bakin ƙofa inda mutum zai zo da katinsa da wayarsa ya faɗi damuwarsa da baki, da Hausa ko Birom ko Turancin Buroka, ma'aikaci ya rubuta ya ba shi lamba. A samar da layin waya na kyauta mai amsawa da harsunanmu. Wasu injinan tuni suna tambayar mutum ko da Hausa yake so a yi masa magana lokacin cirar kuɗi, ashe ana iyawa. A jikin kowane inji kuma a liƙa takarda da manyan baƙaƙe: in an cire maka kuɗi bai fito ba, awa kaza ne, ga lambar wannan inji, ga inda za ka kira. Bankuna sun cika bangon ATM da tallan bashi da na gasar cin mota, wurin takarda ɗaya ba zai gagara ba. A kai sanarwar gidajen rediyo irin PRTV da sauran tashoshin da mutanenmu ke saurare da safe, a ba limamai da fastoci su faɗa. Lokacin canjin kuɗi ai har ƙauyen da babu wuta saƙonku ya kai.

Tunda na ambaci canjin kuɗi, ranka ya daɗe, kai ma ka san tabon da farkon 2023 ya bari. An sanar da sauya 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, zuwa Fabrairu mutane na kwana a bakin ATM cikin sanyi, ana sayen naira da naira a wurin masu POS, sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani ranar 3 ga Maris. Mu masu kayan gwari mun ga tumatir na ruɓewa a kwando saboda mai saye ba shi da tsaba, mai sayarwa kuma bai yarda da taransifa ba. Daga lokacin mutane da yawa suka buɗe asusu bisa dole, wasu kuma suka rantse kuɗinsu ba zai sake kwana a banki ba. Tun 2012 da aka fara shirin rage yawo da tsabar kuɗi a Legas kuke kiran talaka ya shigo banki. Duk dattijon da aka wahalar a kan 20,000 zai koma unguwa ya ba da labari a majalisa, kuma maganarsa ta fi tallanku na talabijin shiga kunne. Mutum ya ɗaure kuɗin amfanin gonarsa a ƙugu ya hau mota a hanyoyinmu na yanzu, kowa ya san haɗarin da ke ciki, amma haka wasu suka zaɓa.

Da za ku riƙa wallafa wani jadawali duk wata uku, banki kaza an samu cirar da ba ta biya ba sau kaza, ya mayar da kaza cikin wa'adi, ya makara a kaza, da mun huta da rabin wannan surutu. Alƙaluman suna hannunku da hannun NIBSS, cibiyar da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, da sauran kamfanonin da ke sada bankuna. Ɗan kasuwa ya san inda zai kai kuɗinsa in ya ga lissafi, kuma babu manajan da zai so ya ga sunan bankinsa a ƙasan takarda.

Da yake wasiƙar a buɗe take, bari in yi wa 'yan'uwana da za su karanta magana kaɗan kafin Gwamna ya waiwaye mu. In inji ya yi ƙara bai ba ka ba, kada ka sake sa kati a cikinsa ko wa ya ce ka gwada. Ka ɗauki hoton allon da na jikin injin inda lambarsa take, ka lura da lokaci, kada ka goge alat. In ya ba ka kuɗi amma bai cika ba, ƙirga a gaban kyamara kafin ka matsa. Bankin da ya ba ka kati shi ne wurin zuwanka, ko da injin na wani ne. Kada ka bar teburin sai an ba ka lambar ƙorafi, in an ce babu ka ce a kira manaja, da ladabi amma kada ka tashi. Ka faɗa musu ka san awa 24 da awa 48, za ka ga fuska ta canza. In mako biyu ya cika shiru, ka sami mai ilimin boko a gida ya rubuta wa sashen kare haƙƙi na Babban Banki, a sa lambar nan da ranar da abin ya faru da adadin kuɗin. Lambar sirrinka kuwa da wadda ke shigowa waya, ko wanda ya kira ka ya rantse da abin da zai kashe shi cewa daga banki yake, kada ka ba shi. Masu POS ma, in an cire aka ce bai shiga ba, ka karɓi takardar da injin ya fitar mai nuna ciniki bai yiwu ba, domin rigimar da ake yi a rumfunan nan har ta kai ga ofishin 'yan sanda, yawanci daga rashin wannan 'yar takarda take farawa, alhali shi mai POS ɗin kuɗin bai zo hannunsa ba.

Ma'aikatan da ke kan tebur ban ɗora musu laifin duka ba. Yawancinsu yara ne 'yan kwantiragi, an ajiye su gaban jama'a su sha zagi, ba su da ikon mayar da ko naira ɗaya sai hedikwata a Legas ta danna. “Kwana bakwai na aiki” ɗin nan ma haddar da aka ba su ce. Ku ne za ku iya sa a canza musu hadda.

Ranka ya daɗe, mun gaji da gafara sa ba mu ga ƙaho ba. In za a ɗauki abu ɗaya tak daga wannan doguwar takarda, a ɗauki na tarar jinkiri da za ta shiga asusun mai kuɗi kai tsaye, a sa mata ranar farawa, a sanar da mu da Hausa. In kuma wata rana hanya ta biyo da kai Jos, ka sa hula ka rufe fuska ka bi layin ATM a Terminus ranar Juma'a ta ƙarshen wata da katin wani bankin, daga nan ka ƙaraso Farin Gada, akwai kwandon tumatir da ɗan kabeji da za mu saka maka a mota.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan kasuwar Farin Gada, Jos, Jihar Filato.